Kogin da Ke Komawa Baya Sau Biyu a Rana

Wanda ya saba da Kwara ko Binuwai ya san ruwan kogi gangarawa yake yi, ba ya waiwaye. Kogin Thames na Ingila bai bi wannan ƙa'ida ba. Daga Teddington, a yammacin Landan, har zuwa teku, tafiyar kimanin kilomita 150, ruwansa kan juyo ya haura sama sau biyu kowace rana, sannan ya sake janyewa. Ƙarfin jan wata ne ke tattaro ruwan teku ya cusa shi cikin bakin kogin. A tsakiyar Landan, tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa kan kai mita 7. Abin ya fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu.

Shi ya sa mai ƙaramin jirgi da ke son isa teku ba inji yake fara dubawa ba, jadawalin cikar ruwa yake buɗewa. Daga wata cika zuwa ta gaba awa 12 ne da minti 25, don haka lokacin yakan ja baya da kusan minti 50 kullum. Wanda ya tashi da hantsi yau ya ji daɗi, in ya sake tashi da hantsi bayan mako guda, ruwan kishiyantarsa zai yi. Gwanaye sukan bar Teddington dab da cikar ruwa, domin janyewar ta kwashe su zuwa gabas. Wanda ya saɓa lokaci kuwa sai dai ya ƙona mai, yana kallon bishiya ɗaya a gaɓa ta ƙi wucewa.

Akwai wani tsaka-mai-wuya da baƙo bai cika hangowa ba. Idan ruwa ya cika, gadoji sun matso ƙasa ke nan, kuma gadar Hammersmith ta yi suna wajen ƙarancin sarari a ƙarƙashinta. Idan ya janye, taɓo da tudun yashi sun fito, jirgi ya kafe, sai a zauna jiran ruwa na awanni. A Richmond ma akwai ƙofofin ruwa da aka gina a 1894, waɗanda ake ɗagawa kimanin awa biyu kafin cikar ruwa, a sauke awa biyu bayanta.

Tsakiyar birnin ita ce ta fi kyan gani, ita ce kuma ta fi son a buɗe ido. Ga majalisar dokoki, ga gadar Tower, amma ga jiragen fasinja masu gudu da na dakon shara, ruwa kuma na murɗawa a ƙafafun gada. A nan ne, ran 20 ga Agusta 1989, jirgin yashe mai suna Bowbelle ya banke jirgin shaƙatawa na Marchioness, mutum 51 suka rasu. Sai a 2002 aka kafa tashoshin jiragen ceto huɗu a kan kogin. A ganina an yi jinkiri, ga birni mai wannan arziki.

Kusa da Woolwich matafiyi zai tarar da wani katafaren shinge mai ƙofofin ƙarfe 10, faɗinsa mita 520, wanda aka buɗe a hukumance a 1984 don tare ambaliyar teku irin ta 1953 da ta kashe fiye da mutum 300 a Ingila. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan ce ke tsara wucewa ta wurin.

Daga Gravesend kogin ya fara zama teku. Gaɓa ta yi nisa, ruwa ya yi gishiri, manyan jiragen kwantena na tashoshin Tilbury da London Gateway suna bin hanyarsu, ba sa iya kaucewa kowa. In iska ta fuskanci ruwan da ke janyewa, igiyoyi sukan miƙe gajeru masu tsini, su wahalar da jirgin da aka ƙera don kwantaccen ruwa. Dab da Sheerness kuma akwai wurin da aka kewaye aka hana kusanta: jirgin Amurka Richard Montgomery ne ya nutse a can a 1944, kuma har yau akwai kimanin tan 1,400 na abubuwan fashewa a cikinsa.