Ƙaramar Motar Duba Hanyar Jirgi

A Tsarnawa kowa ya san manyan motocin ɗaukar albasa. Amma akwai wata mota wadda ba ta bin kwalta. Ƙafafunta na ƙarfe ne, bisa hanyar jirgin ƙasa take gudu. Ɗan inji gare ta, tana ɗaukar mutum biyu ko huɗu. Aikinta kai ma'aikata su duba hanya: ina kusa ta kwance, ina ruwa ya cinye ƙasa. In ba a duba ba, jirgi na iya faɗuwa da mutane da kaya.

A maƙwabtanmu, jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. A 2021 aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi. Kowace hanya sai da masu dubawa.

A Amurka, kamfanin Fairmont ya yi shekaru kamar 80 yana ƙera irin waɗannan motoci. Da aka daina aiki da su, wasu mutane suka saye su. Suna kankare tsatsa, su wanke inji, su sake mai, su shafa fenti. Sun kafa ƙungiya mai suna NARCOA. Sai sun samu izini suke hawa hanya. Ga mota ta girmi direbanta, amma tana tafiya lafiya lau!

Manomi, injin ban ruwan garkarka shi ma gyara yake so. Ƙura da tsatsa da tsohon mai ke kashe shi. In an cire albasa, ka wanke shi, ka sake mai, ka ajiye shi a inuwa. Sabon inji da tsada.