Mai Rubuta Manhajar Wasa da Fatalwar da ke Bin Iska

Wanda ya shiga koyon rubuta manhajar wasannin kwamfuta, ko da Python da Pygame ko da C# a Unity, yakan fara da karsashi. Ya rubuta aji na ɗan wasa, aji na abokin gaba, aji na maki. Aji kamar ma'aunin buga bulo yake, abin da aka buga da shi kuma shi ne ke motsi a allo. Tsarin ya samo asali daga harshen Simula 67 na Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, 'yan Norway.

Gizo yana saƙa ne a lokacin da ajin nan ya buƙaci abin da ke hannun wancan. Ɗauki Pac-Man na kamfanin Namco, na 1980, wanda masu koyo ke yawan sake ginawa. Jar fatalwa, Blinky, tana bin ɗan wasa, wato Pac-Man, kai tsaye. Wata fatalwar, Pinky, tana hararo gida huɗu a gabansa. Inky kuwa sai ta san inda Pac-Man yake, ta san inda Blinky take, sannan ta zaɓi hanya. To, wa zai gaya mata?

Sabon hannu yakan ƙera wani ɗan wasan a cikin ajin fatalwa. Manhajar ba za ta ce uffan ba. Fatalwar dai za ta yi ta bin wani Pac-Man da ko motsi bai taɓa yi ba, na gaskiyan yana can yana kiwonsa. Gwani yakan ƙera ɗan wasa sau ɗaya a babban ajin wasan, ya miƙa wa kowace fatalwa adireshinsa yayin ƙera ta. Da ɗan wasan ya gusa, duk sun gani.

Akwai yanke: a ajiye abu guda inda kowane aji zai iya taɓa shi, dabarar Singleton da littafin Design Patterns na 1994 ya yaɗa. Da daɗi a farko. Amma Robert Nystrom ya ware babi guda a littafinsa Game Programming Patterns na 2014 yana jan kunne a kanta, kuma da gaskiyarsa: ran da maki ya rikice, kowane aji abin zargi ne, sai a kwana ana nema.

Mai koyo, kafin ka taɓa madannai, ɗauki takarda ka zana wane aji ne zai riƙe wane abu, wa kuma zai miƙa wa wa.