Yasmin ɗin Tukunya: Almakashi Ke Kawo Fure

Mutum zai sayi yasmin a wurin masu lambu yana cike da farin fure, ya kai gida, ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Bayan 'yan watanni sai ya ga rassa sun miƙe zalau-zalau, ganye ya taru can a sama, gindi ya zama tsirara, fure kuwa babu labari. Daga nan sai a ce mai lambu ya yi ha'inci. Galibi ba laifinsa ba ne. Tausayi ne ya hana mai shukar ɗaukar almakashi.

Yasmin dangin zaitun ne, kuma irinsa ya kai kusan 200. Wanda aka fi sakawa a tukunya a ƙasashen zafi shi ne mai faffaɗan ganye da masana ke kira sambak, wanda Misirawa da Sudanawa ke ce wa ful. Asalinsa daga kudancin Asiya yake, kuma tun 1934 ƙasar Filifin ta ɗauke shi a matsayin furen ƙasa. Abin da ya kamata mai shi ya riƙe game da halinsa guda ɗaya ne: a kan sabon toho yake yin fure. Reshen da ya riga ya yi fure ya tsufa, sai dai ya ƙara tsawo. Da zarar an datse kansa, toho biyu ne kan fito daga gaɓar da ke ƙasa da yankan, kowanne da furensa a baki. Shi ya sa manoman jihar Tamil Nadu ta Indiya, masu cin abinci da wannan fure, suke datse gonakinsu wajen ƙarshen Nuwamba har tsayin shukar ya dawo kamar santimita 50.

Na tukunya bai kai ya jure irin wannan aski ba, don saiwarsa a takure take. A jira sai furen ya gama zuba. A wasa almakashi, a goge shi da sifirit, domin dakusasshe murje reshe yake yi, ta nan kuma ruɓa ke shiga. A fara da busassun rassa, da waɗanda suka gitta juna a tsakiya suna hana iska wucewa. Sannan a bi dogayen ɗaya bayan ɗaya. Ganyen sambak biyu-biyu yake fitowa suna fuskantar juna. A yanka kaɗan sama da inda suka haɗu, kamar faɗin farce. In aka bar dogon kututture a sama, bushewa zai yi ya yi baƙi. Kada abin da aka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku na shukar a zama guda. Idan sabon toho ya kai tsawon yatsa, a tsinke kansa da farce, zai sake rabuwa biyu.

A ƙasarmu farkon damina ya fi dacewa da babbar datsa. A tsakiyar hunturu shukar ba ta da kuzarin toho, a tsananin bazara kuma sabon ganye ƙonewa yake.

Ruwa ya fi ƙishirwa kashe yasmin. Tukunya dole ta zama da huji a ƙasa, kuma ni dai na fi son ta ƙasa a kan bokitin roba, wanda ke dafa saiwa in rana ta buge shi. A cakuɗa ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Kafin a zuba ruwa a tura yatsa cikin ƙasar, in da laima a bari sai gobe. Bayan datsa ma a rage ruwan, tunda ganyen da ke shansa ya ragu. Takin yuriya ganye zai cika ba fure ba, gara ɗan kamfa kaɗan sau ɗaya a wata. Rana kuwa yana sonta, awa shida in da hali, musamman ta hantsi. Yasmin ɗin da aka ajiye a falo don ado ba zai yi abin kirki ba.

Da hunturu a riƙa juya ganye ana duba bayansa. Akwai wani mitsitsin ƙwaro mai saƙa kamar ta gizo-gizo da ke son bushewar iska, da wani fari mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a gaɓa. Ruwan jiƙon ganyen darbejiya da ɗan sabulu, a fesa da yamma, yakan wadatar.

Rassan da aka datse kuma kada su tafi bola. A zaɓi wanda bai yi ɗanye sharaf ba, bai kuma bushe ba, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai laima a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, sai a nemo masa tukunyarsa.