Shin Zunubi Ne Mutum Ya Ji Wa Kansa Rauni?

Wannan tambaya ce da ɗalibai kan yi mana a ajin addini, wani lokaci da murya ƙasa-ƙasa. Akwai matasan da idan baƙin ciki ya cika musu zuciya sukan ji wa jikinsu ciwo da gangan, sa'an nan su rufe tabon da doguwar riga don kada a gani. Me Ikkilisiyar Katolika ta ce game da wannan?

Da farko, jikinmu amana ce. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikinsa. Katekizim ɗin da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 ya sa kula da rai da lafiya a ƙarƙashin Doka ta Biyar, wadda ta hana kisa. Saboda haka ɓata jiki da gangan ba aikin kirki ba ne, kuma Ikkilisiya ba ta yarda da shi ba. Kada mu haɗa shi da azumi. Azumi horo ne mai iyaka, kuma an ɗauke wa marar lafiya shi.

Amma munin aiki daban, nauyin laifin mai aikin daban. Sakin layi na 1857 ya ce kafin zunubi ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: aikin ya zama babba, mutum ya sani sarai, ya kuma yi shi da cikakken nufinsa. Na 1735 ya ƙara da cewa tsoro, matsi da ciwon tunani suna rage laifi, har ma su kawar da shi. Yarinyar da damuwa ta danne har ta rasa barci da cin abinci ba ta da cikakken iko a kan nufinta. Ko a kan wanda ya ɗauki ransa, dokar Ikkilisiya ta 1917 ta hana yi masa jana'iza a coci, amma ta 1983 ta cire wannan hani. Allah kaɗai ya san zuciya.

To, 'yan'uwa, mene ne namu? Idan ka ga tabo a hannun abokinka, kada ka yi masa dariya, kada ka kai maganar ɗakin kwana. Zauna ka saurare shi, ka raka shi wurin malami ko Fada a ranar. Idan kai ne, ka sani ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Furta zunubi yana kawo salama, amma ba ya hana ganin likita. Daga Rijiyar Zaki, asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano ba su da nisa, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a can. Iyaye kuma, a rage faɗa, a ƙara sauraro.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.