Kalmomin Ilmin Haɗa Kwamfutoci da Ɗalibin Ƙasar Adar

Ɗalibin da ya tashi a Affala, arewa da birnin Tawa, idan ya kai jami'a ya zauna darasin haɗa kwamfutoci, yakan tarar da harsuna uku a kansa. Malami yana bayani da Faransanci, sunayen ƙa'idojin fannin daga Ingilishi suka fito, shi kuwa da Hausar Adar yake tunani, da ita kuma zai tambayi abokinsa bayan an tashi. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, daga baya kuma aka raɗa mata sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, ta kawo karatu kusa da gida, amma harshen karatun bai matso ba. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, samar da kalmomin wannan fanni ya zama aikin da ke jiran masu bincike.

Kalmar farko ita ce mai ruɗarwa. A bakin jama'ar Nijar "rezo" yana nufin ƙarfin da wayar hannu ke kamawa, shi ya sa akan ce babu rezo. Abin da darasin yake nufi dabam ne, watau kwamfutoci biyu ko fiye da aka haɗa, ta igiya ko ta iska, suna musayar saƙo bisa ƙa'ida ɗaya. Kwamfuta uku a ɗaki guda sun isa, ko da babu intanet. Ɗalibi yakan ɗauka ya riga ya san kalmar, alhali ma'anar kasuwa ya sani. "Haɗakar kwamfutoci" ta fi dacewa, domin "yanar gizo" ta riga ta sami wurin zamanta.

Ginshiƙin darasin shi ne yadda saƙo yake tafiya. Ba a aika shi dunƙule. Akan yanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki a rubuta masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Ana iya kiran yankin "ƙunshi". Na'urar da ke zaune a mararraba takan duba adireshin, ta miƙa ƙunshin ga ta gaba. Ƙa'idar IP ce ke kula da adireshi, ta TCP kuwa ita ke jera ƙunshin bisa lamba a wurin sauka, ta nemi a sake aiko wanda ya ɓace. A ranar 1 ga Janairu 1983 ne haɗakar ARPANET ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1969, ta koma kan waɗannan ƙa'idoji biyu.

A nan mai fassara yakan yi saurin kawo misalin ayari, da madugu, da zango, tun da ba baƙin abubuwa ba ne a Adar. Misalin yana da daɗin ji, sai dai yana karkatar da fahimta. Ayari tare yake tashi, tare yake sauka, madugu kuma ya san hanya tun daga farko har ƙarshe. Ƙunshin saƙo ba shi da madugu. Kowanne yana iya bin tasa hanya, na baya ya riga na gaba isa, na'urar mararraba kuwa ba ta ɗaukar masa nauyin komai sai zango ɗaya na gaba. Saƙon tasha ya fi kusa: buhu uku za su Agadas, an sa kowanne a mota dabam, mai karɓa ya ƙirga, ya ga saura ɗaya, ya aika a bincika. Kalmar "zango" ita kaɗai ta cancanci a riƙe daga ayarin.

Adireshin kansa lamba ce. A tsohon tsari lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kowace daga 0 zuwa 255. Da yake mutum ba ya riƙe irin wannan a ka, sai aka yi tsarin sunaye mai juya suna ya koma lamba. Na Nijar yana ƙarewa da.ne, na Nijeriya da .ng.

Akwai kuma wurin da darasin ya taɓa masu yaƙi da jahilci kai tsaye. Abin da ke bin waya lambobi ne, kowane harafi da tasa. Tsarin ASCII mai alamomi 128 ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsarin Unicode ne ya ba su gurbi. Idan na'urar aikawa da ta karɓa ba su dace a kan tsari ɗaya ba, sai harafin ya fito alamar tambaya, ko marubuci ya gaji ya cire lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa. Har wa yau, gajeren saƙon wayar hannu yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Sanarwar da za a aika wa ajin manya a ƙauyukan Affala, in an rubuta ta da ingantacciyar Hausa, tana iya cin kuɗin saƙo biyu ko uku.