Lalo Ba Ciyawar Banza Ba Ne

Duk wanda ya je ziyara Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, in ya ratsa unguwa da damina zai ga mata da yara sun tara ganyen lalo ƙanshi-ƙanshi a faifai suna sayarwa. Yawancinsa ba shuka shi aka yi ba. A gonakin gero da fadamun Gulbin Rima aka tsinko shi, inda yake fitowa da kansa da zarar ruwa ya zauna.

Shi lalo dangin rama ne da yakuwa da kuɓewa da auduga. Furensa ƙanana ne, rawaya, 'ya'yansa kuwa cikin dogon kwanso. Amfaninsa babba shi ne miya, musamman a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ganyen yana ƙara jini, yana kuma gyara gani, tsofaffi kuwa tun da can suna ba mai taurin ciki. Sai dai mata su rage kanwa, don in ta yi yawa tana kashe amfanin ganyen, yauƙi kaɗai ya rage. Wanda za a ajiye don rani a shanya shi a inuwa, kada a baza shi a rana.

Ba mu kaɗai ke cinsa ba. Mutanen Masar suna kiransa mulukiyya, har wani sarkinsu, Alhakim, ya taɓa hana cinsa wajen 1005. A ƙasar Bengal kuwa noma shi ake yi don zare, kuma da irin zarensa aka saƙa buhunan da aka yi dalar gyada da su a Kano.

To, ga inda matsala take. Maganin feshi da manoma suka runguma bai san lalo da ciyawa ba, duka yake ƙonewa, sa'an nan maigida ya koma sayen abin da dā kyauta yake samu. Ya kamata manomi ya ware kunya biyu ko uku a gefen gona, ya bar wasu su yi 'ya'ya. Irin yana da taurin ɓawo, sai an tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan ƙiftawar ido kafin a shuka. Bayan mako 5 ko 6 sai a fara tsinka. Amma a ɓoye irin daga kaji da awaki, domin yana da dafi.