Garka a bayan ɗaki

Kowa ya san garaken Mirya da na Gidimuni, da fadamar Korama wajen Matamaye. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta tashi tsaye a kan noman rani, mutane da yawa suka koyi aikin garka. Amma ba kowa ke da fadama ba. Garin Damagaram ma bisa dutse yake zaune, ruwa wuya gare shi. To, wanda ba shi da fadama, sai iyalinsa su shekara da busasshiyar kuka? A'a.

Wuri taki 3 a tsawo, taki 2 a faɗi, ya isa. In babu fili, a cika tsohon buhu da ƙasa da taki, a huda gindinsa. Takin awaki ya fi, amma wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Kafin a zuba iri, a kewaye wurin da darni, don akuya da kaji ba su san na gida ba.

Babbar magana ita ce ruwa. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa da na ganye, duk kada a zubar. A tara a bokiti, a ba shuka da yamma. Ruwan omo kam, a nisanta shi da garka. Ga kuma wata dabara: a binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Ruwa zai riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa bisa ƙasa, laima ta daɗe.

Kowane lokaci da abin da yake so. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, a sa salati, shu, karoti da tumatir. Da damina, yakuwa, rama, lalo da kuɓewa. Bazara ita ce mai wuya: ganye ya yi tsada a kasuwa, tumatir yana zubar da fure saboda zafi. A nan ne alayyafo ke da amfani, in an yi masa ƴar inuwa da zana. Cikin wata guda an fara tsinka.

Zogala kuwa ba ta da lokaci. Itace 3 ko 4 a jikin darni suna ba da ganye rani da damina. In ta kai ƙugun mutum a sare kanta, ta yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu ke kai. Ganyenta da karoti suna taimakon yara da mata masu ciki, suna kare su daga dundumi.

In tsutsa ta faɗa wa shu, a daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa wa ganyen da la'asar. A maimaita bayan mako guda.